Tarihin Tsohon Ginin Kwalejin Katsina



Wanda ya tashi daga Maraɗi da safe, ya bi ta Ɗan Isa, ya ƙetare iyaka wajen Jibiya, in masu duwan ba su tsare shi da yawa ba, kafin azahar yana cikin birnin Katsina. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Da yawa cikinmu sun sha yin ta, wani don kasuwa, wani don biki ko gaisuwar dangi. Amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa su leƙa wani tsohon gini na jar ƙasa da ke cikin birnin, wanda yau aka mai da shi gidan ajiyar kayan tarihi. Ginin nan shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina. A cikinsa ne aka yi ajujuwa da biron shugaban makarantar boko mafi girma ta farko a arewacin Najeriya, kuma daga cikinsa ne mutanen da suka karɓi mulkin wannan yanki daga hannun Turawa suka fito. Tun da Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya suke, ya kamata mu san labarinsa.

Katsina kafin zuwan boko

Tun kafin a aza tubalin farko na wanga gini, Katsina ta daɗe da suna wajen karatu. Hasumiyar Gobarau, da har yau take tsaye, shaida ce. Shehu Al-Magili ya ratso ta Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani, waɗanda har gobe ake ambaton su. Akwai kuma Muhammadu Al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya tafi hajji, ya zauna Misira, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Wajen 1807 mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Tsohon gidan sarauta ya yi arewa, bayan ƴan shekaru na faɗi-tashi ya kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Shi ya sa har yau sarkinmu na Maraɗi Sarkin Katsina ake ce mishi. Bayan kusan shekara ɗari Turawa suka zo. Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Katsina ta bi. Faransawa kuma suka riƙe arewa. Tsakanin 1906 da 1908 wakilan ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa alamun iyaka, sai ga Katsina a ƙasar Ingilishi, Maraɗi a ƙasar Faransi, kamar yadda tsofaffinmu ke faɗi.

Abin da ya sa aka gina ta

Da Lugga ya ci ƙasar, ya yi wa sarakuna alƙawarin ba zai taɓa addini ba. Saboda haka aka taƙaita shigar ƴan mishan cikin masarautun Musulmi. A kudancin Najeriya kuwa su ne masu buɗe makarantu. Makarantun allo dubbai ne a arewa, malaman fiƙihu da nahawu ga su nan a kowane birni, amma gwamnatin Turawa tana buƙatar masu rubuta haraji da boko, masu lissafin baitulmali, masu karanta takardar Razdan. Dole sai ta horar da nata.

A 1909 wani Bature ɗan asalin Suwis, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawar Kano. Daga nan aka yi ta buɗe makarantun larduna. Sai matsalar malamai ta taso. Kawo Bature ya koyar da yara abu ne mai tsada, kawo malami daga kudu kuwa sarakuna ba su so, Turawan arewa ma ba su so. Mafita ita ce a kafa makaranta guda wadda za ta ɗauki zaƙaƙuran yaran larduna, ta mai da su malamai, su koma garuruwansu su koyar.

An fara karatu a 1921. Ranar 5 ga Maris 1922 Gwamnan Najeriya, Sir Hugh Clifford, ya zo Katsina ya buɗe kwalejin da kansa. A jawabinsa ya faɗi dalilin zaɓen garin. Na ɗaya, Katsina tana da daraja a idon Musulmi a matsayin gidan ilimi da tsoron Allah. Na biyu, tana nesa da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar manyan garuruwan kasuwanci. A lokacin dogo ya riga ya kai Kano tun 1911, bai biyo ta Katsina ba. Ku lura da dalili na biyun nan. Turawan suna son yaran su yi karatu, amma ba su son su haɗu da jaridun Legas da ƴan bokon kudu waɗanda suka fara yi wa gwamnati tambayoyi.

Akwai dalili na uku, wato sarkin garin. Sarki Muhammadu Dikko, wanda Turawa suka naɗa a 1906 ya kuma yi mulki har 1944, mutum ne mai son sabbin abubuwa. A shekarar da aka fara karatu a kwalejin, 1921, ya tafi aikin hajji, ya kuma ga Ingila da idonsa. Makaranta irin wannan ba za ta zaunu a garin da sarki ba ya so ba, Dikko kuwa ya karɓe ta hannu biyu.

Ginin kansa

Ba a yi ginin da suminti da tol ba. Magina Hausawa suka yi shi da ƙasa, irin ginin da suka gada: tubali, yaɓe, rufin soro. Wanda ya san tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram zai gane fasalin. Bango mai kauri yana tsare zafin bazara, da hunturu kuma yana riƙe ɗumi, don haka yaro zai iya zama ya yi karatu da tsakar rana a watan Afrilu ba tare da vantilate ba. Ginin ƙasa kuma yana da arha, gwamnatin mallaka kuwa ba ta son kashe kuɗi kan ilimin arewa. Sannan uban da ya zo daga Bauci ko Sakkwato ya ga ɗansa cikin gini irin na gida, sanye da riga da hula, hankalinsa zai fi kwanciya.

Sai dai ginin laka yana da sharaɗinsa. Kowace shekara bayan damina sai an duba tsaga, an gyara indararo, an sake yaɓe. Aka yi sakaci shekara biyu ko uku, ruwa zai sami hanya, daga nan sai zubewa. Wanga gini ya haura shekara ɗari yana tsaye don kowane zamani an sami masu yaɓa shi.

Shugaban makarantar na farko Bature ne mai suna Bieneman. Tare da Turawan akwai malaman gida masu koyar da Larabci da addini, cikinsu har da Malam Nagwamatse da Malam Bello Kagara. Karatun shekara biyar ne. Ana koyar da Ingilishi, lissafi, tarihi, labarin ƙasa da dabarun koyarwa. An matsa wa yaran ƙwarai wajen furucin Ingilishi, har aka san ɗaliban Katsina da iya shi. Da yamma kuma wasanni, musamman kurket da wani wasan buga ƙwallo da hannu a jikin bango da ake kira fayif. Ɗalibai suna kwana a gidaje cikin makarantar, kowane gida da shugabansa.

Rajistar da ke biron shugaba

In ana son a gane abin da biron shugaban makaranta yake nufi, a dubi rajista. Kowane yaron da aka ɗauka ana rubuta sunansa a ba shi lamba, lambobin suna bin juna tun daga yaro na farko. Har yau tsofaffin ɗaliban makarantar suna kiran junansu da lambobin nan.

A 1926 wani yaro daga Raba, jikan jikan Shehu, ya zo daga Sakkwato. A lokacin tafiyar ƙasa ce ta kusan mako guda. Sunansa Ahmadu, lambarsa 87. A 1928 wani ya zo daga Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan talaka, lambarsa 145. To ku yi lissafi da kanku. Shekara bakwai bayan fara karatu, duk yaran da suka shiga wajen 150 ne kawai, wato kusan ashirin a shekara, ga yanki mai miliyoyin mutane. Kuma duk maza ne, babu mace ko ɗaya. Da yawansu ɗiyan sarakuna ne da na hakimai da alƙalai, ko waɗanda hukumar gargajiya ta zaɓa. Wani lokaci ma basarake yakan ɓoye ɗansa ya tura ɗan baransa, don tsoron kada boko ya raba yaro da addini. Mu ma a nan haka aka yi da lakwal, har da gardi ake zuwa kamun yara.

Waɗanda suka fito daga ciki

Ɗan ƙanƙanen adadin nan ya yi tasiri wanda ya wuce lissafin Turawan. Ahmadu Bello ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama Sardauna a 1938, Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya koyar a Bauci, ya zama Firayim Ministan Najeriya a 1957. Kashim Ibrahim na Barno ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962. Akwai Aliyu Makaman Bida, da Isa Kaita, da Sulaimanu Barau wanda ya zama Sarkin Abuja.

An so a yi malamai masu ladabi da biyayya, an kuma samu. Amma wanda ya iya karanta takardar Razdan zai iya karanta wasu takardun. Sa'adu Zungur ya yi Katsina, ya wuce Yaba a Legas, ya dawo ya zama ɗaya daga cikin masu kaifin baki wajen sukar mulkin mallaka da zaluncin masu sarauta. Tafawa Ɓalewa kansa, da duk natsuwarsa, ya miƙe a majalisar Arewa a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, abin da ya girgiza sarakuna da Turawa gaba ɗaya.

Akwai kuma wata riba wadda ta ƙetaro iyaka har ɗakunanmu. A 1933 wani Bature mai kula da ayyukan fassara, Rupert East, ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da aka buga akwai na mutanen wannan kwaleji: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a nan daga 1927 zuwa 1932, Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. Imam ya biyo da Magana Jari Ce, sannan a 1939 ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Makarantar da aka kafa don koyar da Ingilishi, ita ta yaye waɗanda suka ɗora harsashin ƙagaggun labarai na Hausar boko. Duk ɗan Tawa ko Damagaram da ya taɓa jin labarin aku da Waziri, ya ci albarkacin ginin nan ko bai sani ba.

A ɓangarenmu fa?

Yayin da yaron Katsina ke zuwa kwaleji da ƙafarsa, ɗan'uwansa na Maraɗi hanyarsa daban ce. Faransawa ba su gina irin wannan makaranta a Nijar ba. Sun mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Yaron da ya yi zarra a lakwal, in ana son ya zama mushe, sai ya ratsa ƙasashe zuwa makarantar William Ponty a Senegal, wadda ta zauna a tsibirin Gore kafin a mai da ita Sebikotan. Ita ce kan gaba wajen yi wa duk Afirka ta Yamma ta Faransa wannan aiki. Can Bubu Hama ya yi karatu, ya zama ɗan Nijar na farko da ya fito da takardar malanta daga makarantar. Can Jori Hamani ya yi, can Jibo Bakari ya yi.

Saboda haka a 1960, da Nijar ta sami ƴanci ranar 3 ga Agusta, Najeriya kuma ranar 1 ga Oktoba, malaman makaranta ne ke jan ragamar gwamnati a ƙasashen biyu: Jori a Yamai, Ɓalewa a Legas. Ɗaya ya yi karatu da Faransanci, ɗaya da Ingilishi. Jori, ko da yake Bazabarme ne, ya iya Hausa har ya koyar da ita a Paris, don haka su biyun suna da harshen da za su gaisa ba tafinta. Rabuwar da makarantun nan biyu suka kawo tana nan har yau. Ɗan Maraɗi mai bak da ɗan Katsina mai satifiket na sakandare za su yi hira har asuba da Hausa, amma ɗaya ba ya iya karanta takardar shaidar ɗaya.

Mu sai a 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973, daga baya aka sa mata sunan Abdu Mumuni. Jami'ar Musulunci ta Sayi ta fara aiki a 1986. Jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa kuwa sai a 2010. Daga buɗe Kwalejin Katsina zuwa buɗe jami'ar Maraɗi shekara 88 kenan, ga garuruwa biyu da ke kallon juna.

Bayan makaranta ta tashi

Kwalejin ba ta daɗe a Katsina ba. Daga ƙarshen shekarun 1920 aka fara faɗaɗa karatunta ya wuce horar da malamai kawai. Ana son ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ana son kusanci da ma'aikatun gwamnati. Nisa daga dogo, wanda dā aka ɗauka alheri ne, ya koma cikas. A 1938 aka kwashe makarantar zuwa Kaduna, aka kira ta Kwalejin Kaduna. A 1949 aka sake mai da ita Zariya. Tun 1971 sunanta Kwalejin Barewa. A Kaduna Malam Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi karatu, a Zariya Yakubu Gowon da Murtala Muhammad suka yi. Rajistar dai ita ce, lamba na bin lamba. Gidajen kwanan ɗalibai a Barewa suna ɗauke da sunayen mutanen farko, irin su Bieneman, Nagwamatse, Bello Kagara da Ɗan Hausa.

Shekara 17 kacal makarantar ta yi a tsohon ginin. Gini irin wannan, in masu shi suka tashi, yawanci kango yake zama, ko a rushe a raba filin. Abin da ya cece shi, tsofaffin ɗalibansa sun girma sun riƙe mulki. A 1959, Sardauna na Firimiya, Ɓalewa na Firayim Minista, aka sa ginin cikin wuraren tarihi na ƙasa da doka ta kare. Shekara bakwai bayan haka, ranar 15 ga Janairu 1966, sojoji suka yi juyin mulkin da ya ci rayukan su biyun, lamba 87 da lamba 145. Allah Ya jiƙan su. Ginin ya ci gaba da tsayuwa, yau kuma yana hannun hukumar gidajen tarihi ta Najeriya. Makarantar Ponty ta Sebikotan ba ta sami wannan sa'a ba, yawancin gine-ginenta sun zama kango.

Wani abin lura kuma, dogon da aka guje wa a 1922 yana tafe. A 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano, ta Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi.

Abin da ya shafe mu

Ba a kawo wanga labari don a yabi Turawan mulkin mallaka ba. Sun gina kwalejin don buƙatarsu, sun ƙuntata ƙofarta, sun bar mata da ɗiyan talakawa da yawa a waje. Giɓin karatun boko da arewacin Najeriya ke fama da shi har yau, yana da saiwa a waccan rajista mai ɗaukar yara ashirin a shekara. Amma kuma ba a musun abin da yaran suka yi da ɗan abin da aka ba su. Yawancinsu sun shiga da karatun allo, ba su kuma zubar da shi ba. Abubakar Imam ɗan alƙali ne, Sa'adu Zungur ɗan gidan limamai ne, kuma ana ganin wannan tushe a rubutunsu.

Mu a Nijar mun san yadda tarihi ke ɓacewa. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi, aka hau tudu aka sake gari. Abin da ya tafi da ruwan bai dawo ba. A unguwar Birni ta Damagaram, kowace damina sai wani tsohon soro ya faɗi. Agadas ce ta yi sa'a, UNESCO ta sa tsohon garinta cikin wuraren tarihin duniya a 2013. A kusan kowane babban gari namu akwai lakwal ta farko, da tsohon biron direkta, da almuwar mai cike da rajistoci da gara ke ci. Cikin rajistocin nan akwai sunan likitan farko na garinku, da mace ta farko da ta ci satifika, da ranar da kakanku ya shiga aji.

Ba sai an jira minista ba. Matasa uku ko huɗu da salula guda sun isa su nemi izinin direkta, su ɗauki hoton ginin da shafukan rajistar, su je wajen tsofaffin mushe da suka yi ritaya su tambaye su shekarar da aka gina lakwal ɗin, wa ya ba da filin, su wa suka fara shiga. Haka ma tsofaffin makarantun allo da zaurukan malamai, waɗanda su ba su da rajista ko ɗaya sai abin da ke kan dattawa. In kuma wata sabga ta kai ɗayanku Katsina, bayan ya gama cinikinsa a kasuwa, ya ce wa mai babur ya kai shi gidan tarihi na tsohuwar kwaleji, ya shiga ya dafa bangon ya ji kaurinsa, sannan ya wuce Gobarau kafin la'asar.